Bugu Uku a Kan Ƙanƙara

Ittukusuk mutumin wani ƙauye ne a arewacin Girinlan. Shekara hamsin da biyu ya yi yana gwada ƙanƙarar teku da sandarsa mai bakin ƙarfe. In ta jure bugu ɗaya, za ta ɗauki mutum. In ta jure uku, za ta ɗauki amalanken ƙanƙara da karnuka goma sha biyu masu jan sa. A da, tun Oktoba teku ke daskarewa har tsibirin da ƙauyen ke kamun kifi, ba ta sakewa sai Yuli. Yanzu ba ta daskarewa sai Janairu ta raba, kuma hanya ɗaya tak ta rage.

A wurinsu, wanda aka tambaya labarin ƙanƙara ba ya ɓoye komai, ko da maƙiyinsa ne ya tambaya. A kan haka aka haife shi.

Wata Talata wani hafsan sojan ruwa, Laftanar Kofoed, ya zo gidansa da taswira. Navarana, matar Ittukusuk, ta kawo kofi da busasshen kifi.

"Baba, ina ne ƙanƙara ta fi rauni?" in ji hafsan.

Tsohon ya ja yatsa tsakanin ƙauye da tsibiri. "Nan, ɗana. Igiyar ruwa na cinta ta ƙasa. A tsakiya ne kawai take jure bugu uku, nan muke tsallakawa. Ka faɗa wa mutanenka kada su taka sauran."

Hafsan ya bi sawun yatsan da jan alƙalami. Bai nuna tsoro ba. Murmushi ma ya yi.

Da ya fita, Navarana ta ce, "Tsoho, kai dai halin ƙanƙara ka sani, amma fuskar mutum ta gagare ka. Ka taɓa ganin wanda aka yi wa gargaɗi yana murna?"

"Tambaya ya yi."

"Da ƙafa ka ga ya zo? Masu jirgi ba wurin takawa suke nema ba."

"To, ƙarya zan yi masa da furfurata?"

Ta kwashe kofuna.

Ran tara ga Afrilu ya ɗaura wa karnuka amalanke, ya nufi tsibiri don ya ɗago ƙugiyoyin kamun kifi da ya bari a ramukan ƙanƙara. A tsakiyar hanya karen gaba ya ja birki, sauran suka zauna. Baƙin ruwa ne a gabansu, faɗinsa ya kai taku talatin, yana hayaƙi saboda sanyi. Ruwan ya miƙe kudu da arewa, daidai inda yatsansa ya bi a taswira. Can nesa wani jirgin soja mai ruwan toka yana ƙara fasa ƙanƙarar.

Ittukusuk ya sauka, ya ɗaga sanda kamar kullum, ya bugi bakin ƙanƙarar. A bugun farko ruwa ya ɓullo.