Baba Gide Mai Fatsa da Gurbin Marke

Ku matso nan kusa, ku gyara zama, mai tabarma ya ɗan matsa wa na tsaye, in ba ku labarin Baba Gide mai fatsa. In kun taɓa cin kifi a kasuwar Sheme ko ta Tafoki a shekarun da naira ta fito sabuwa fil, to da wuya a ce wanda ya kamo kifin bai bi ta hannun Gide ba.

Shi dai ba gadon kamun kifi ya yi ba. Manomi ne ɗan manomi, a wani ƙauye da ke bakin rafi can bayan Sheme. Yana saurayi ya tafi cin rani Yawuri, ya zauna da masunta, ya dawo ba tufafi ba keke, sai gwangwani cike da ƙugiyoyi da ƙullin zare. Aka yi ta yi masa dariya. Ba a daɗe ba masu dariyar suka fara aiko 'ya'yansu, domin kullum ya sauka rafi da sandar gorarsa sai ya hauro da tarwaɗa ko ƙarfasa, wata rana ma har da giwan ruwa mai tsawon hannu.

Koyarwarsa ba ta da lada, goro ɗaya ya isa. Sai dai akwai wuya. Zai zaunar da kai a bakin ruwa ya hana ka magana, ya hana inuwarka faɗawa kan ruwan. Zai nuna maka wane kifi ke son tana, wane ke son gara, da yadda ake cuɗa dusa da yumɓu a dunƙule a jefa don kifi ya saba da wuri. In ka kamo mace mai ƙwai, ko yunwa kake ji, sai ka mayar da ita. Amma abu na farko, wanda duk almajirinsa ke yi har yau, shi ne wannan: kafin ƙugiya ta taɓa ruwa, sai ka tsuguna, ka yi bisimilla, ka kamfata da tafin hannu ka sha. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "In ba ka iya shan ruwan, ina kai ina kai wa mutane kifin cikinsa?"

Rafin nan da rani ƙafewa yake yi, ya koma yashi zalla, sai gurbi biyu a ƙarƙashin itatuwan marke: ƙarami a sama, babba a ƙasa, da 'yar siririyar hanyar ruwa tsakaninsu wadda mutum ke tsallakewa. Duk kifin rafin nan suke taruwa su jira damina. Su ne iri. In sun ƙare, rafin ya ƙare. A ƙasan babban gurbin kuma mata ke tona yashi su ɗebi ruwan sha, Fulani su shayar da shanu. Kowa ya san Gurbin Marke, amma yadda ake kiran manyan kifin su fito daga ƙarƙashin dutse su taru wuri guda, mutum ɗaya tak Gide ya koya wa. Harisu ke nan, ɗan ƙanwar matarsa Mero, wanda hannunsa ya fi na kowa sanyi a kan zare.

Sai ga zamanin kuɗin mai ya zo. Kamfani ya kafa sansani kusa da Sheme ana shimfiɗa kwalta, leburori ko ta ina, masu tuwo-tuwo suna neman kifi kwando-kwando. Almajiran Gide suka watse. Bilya ya zama kwandastan mota, Salihu ya tafi Kaduna aikin gini. Harisu ya tsaya, ya zama shi ke kai wa masu abincin sansani kifi. Ya sayi babur, ya sayi rediyo mai jaka. Gide ya yi masa murna, amma a ransa yana ta lissafin abin da fatsa ɗaya za ta iya kamowa da abin da bakunan nan ke ci, ya ga ba su haɗu ba.

A wannan ranin ne labari ya zo daga wajen Damari, wai wasu sun zuba maganin feshin auduga a wani tafki. Kifi ya taso fari fat, aka kwashe a buhuna. Bayan nan ko kwaɗo bai sake kuka a tafkin ba, awakin da suka sha kuma suka kumbura. Tun ranar da Gide ya ji, tuwo ya daina wuce masa.

Harisu kuwa ya rage zuwa gaisuwa. Ran nan Mero ta dawo daga gidansa, ta ajiye mayafi, ta tsaya tana jujjuya ƙwarya a hannu.

"Malam, yaron nan ya yi auduga bana?"

"Harisu? Rabonsa da fartanya tun da ya hau babur. Mi ya faru?"

"Galan na gani bayan rumbu, an rufe da buhu. Irin mai zanen ƙwarangwal ɗin nan."

Gide ya miƙe. Ya sauka rafi, ya zaga ƙaramin gurbin, sai ga ɓurɓushin dusa a bakin ruwa, da dunƙulen yumɓu da ya faɗi a kan yashi. Ya ɗauka ya duba. Irin cuɗin da ya koya wa Harisu ne sak, har da ramin babban yatsa a tsakiya. Wato ana kiran kifin su taru a gurbin sama. Ya nemi saiwar marke ya zauna.

Ya tare Harisu a bakin hanya ranar da ya zo wucewa.

"Kai, tsaya. Wa ke zuba dusa Gurbin Marke?"

Harisu ya kashe babur yana murmushi. "Haba Baba, ba ku kuka koya mana ba? Ko ta haramta ne ba a gaya mani ba?"

"Galan ɗin da ke bayan rumbunka fa?"

"Ajiya ce aka ba ni. Inna Mero dai ido gare ta kamar na shaho. Baba, ku kwantar da hankalinku, kun tsufa da bin rana. Ku bari in riƙa aiko maku da kifi har gida."

"Ban ce ina son kifi ba. Dube ni."

Harisu ya dubi madubin babur, ya gyara shi, ya ce ana jiransa a sansani.

To ku duba halin da tsohon nan ya shiga. In ya kai magana gun Maigari, ya tona asirin ɗan da ya rena, kuma ba shi da shaida sai dusa da galan a rufe. In ya yi shiru, ruwan shan gari da irin kifin rafi suna hannun mutumin da ya kasa haɗa ido da shi. Abin da ya fi cinsa, da bai koya wa Harisu kiran kifi ba, da manyan suna can ƙarƙashin dutse. Sai ya koma gadi. Daga an idar da asuba yana rafi, rana ta take yana rafi, har Mero ta fara aika masa da fura can. In ya zo salla masallaci hankalinsa na kan ruwa. Ko tsuntsu ya gani ya yi shawagi ta wajen marke sai gabansa ya faɗi, ya ce kifi ne ya taso.

Rannan aka yi rasuwa a unguwa, aka ce jana'iza da sassafe, kuma ranar kasuwar Sheme ce. Gide ya tsaya aka yi sutura, yana ta waiwaye. Ana shafa fatiha ya saɓi gorarsa ya nufi rafi da sauri, har yana tuntuɓe.

Babur na jingine a jikin marke. Harisu na tsaye a saman ƙaramin gurbi, hannunsa ba komai, kwanduna a jere a bayansa. Ruwan shiru, ba abin da ya taso. Iska kuma ta ba Gide baya, bai ji warin komai ba. An zuba ne, ko ba a kai ga zubawa ba? Ba yadda zai sani. In ya tambaya, ya san amsar da za a ba shi.

"Barka da asuba, Baba," in ji Harisu.

"Barka kadai."

Gide ya ajiye gora, ya naɗe hannun riga kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Ya tsuguna a bakin ƙaramin gurbin, ya ce bisimilla a fili, ya kamfaci ruwa ya nufi baki da shi.

Bai san lokacin da Harisu ya tsallako ba. Sai ji ya yi an buge masa hannu da ƙarfi, har ya faɗi zaune.

"Baba kada ku sha! Wallahi kada ku sha!"

Suka dubi juna. Gide bai yi zagi ba. Cewa ya yi, "Yanzu ka zuba, ko an daɗe?"

"Yanzun nan. Ta can sama."

"To taho."

Suka ruga hanyar ruwan da ta haɗa gurbin biyu, suka shiga tura yashi da hannu da ƙafa. Harisu ya tuɓe rigarsa ta kanti ya cusa, ya karya kwando yana kwasar laka da shi. Gide na haki yana ƙwala wa masu wucewa kira. Maza suka sauko da fartanyu, aka tayar da gini mai kauri, aka tura wani ya tare mata da tuluna, wani ya tare Fulani. Ana cikin haka ƙaramin gurbin ya fara fari. Tarwaɗa, ƙarfasa, har da wani giwan ruwa da Gide ya daɗe da saninsa, mai tabo a gefe, duk suka juyo da ciki sama. Ba wanda ya taɓa ko ɗaya don ci. Rami aka haƙa nesa da rafi aka binne su.

Saura babban gurbi. Ko maganin ya riga ya tsallaka kafin a toshe? Ko yana bi ta ƙarƙashin yashi? Mata suka koma ɗebo ruwa a rijiyar wani ƙauye, suna tafe suna mita. Gide kuwa kullum yana bakin ruwa yana duba. 'Yan ƙananan kifi suka taso ta gefen ginin, ya tsince su. Bayan su ba a ƙara ganin wani ba. Bai sake jefa ƙugiya ba sai da ruwan farko ya sauka, rafi ya kawo ya wanke wurin. Ranar ya tsuguna ya sha, mutane na tsaye suna kallo, sannan mata suka sauko da tulunansu.

Mero ta taɓa tambayarsa, "Malam, da yaron nan bai buge maka hannu ba fa?"

Ya ce, "Da na sha."

Ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba.

Harisu bai iya zaman garin ba, ya bi Salihu Kaduna. Kifin rafin ya ragu ƙwarai, amma bai ƙare ba, kuma da shi Gide ya ci gaba da koyar da duk wanda ya zo. Kiran manyan kifi dai bai sake koya wa kowa ba. Da shekaru suka ja, idonsa ya fara hazo, ya san in ya tafi da abin nan a cikinsa ya tafi ke nan, kuma mutum ɗaya ne ya san shi ban da shi.

Sai wata rana bayan la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Harisu ne, ya rame, ba babur. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da buzun Gide, ya ajiye goro ɗaya a ƙasa, ya ce, "Baba, na zo ku mayar da ni rafi."

Gide ya daɗe yana duban goron. Hannun da ya ajiye shi, shi ne ya zuba maganin, shi ne kuma ya buge ruwan daga bakinsa. Ku da kuka zauna kuka ji, in ku ne Baba Gide, za ku miƙa hannu ku ɗauki goron nan?