Makiyayin Shamuwa na Sheshe

Malam Hambali yana goge fuskar kwamfuta da hannun rigarsa, kamar kowace safiya, shayinsa na hucewa a gefe. Kakansa shanu ya kora har ƙarshen ransa. Shi kuwa, a wani ɗaki a unguwar Sheshe, shamuwa yake kiwo, kuma ko gashin ɗaya bai taɓa shafawa ba.

Bayan sojoji sun koma bariki ne masu bincike suka zo suka ɗaura wa shamuwoyi 'yan na'urori a baya. Duk inda tsuntsuwa ta sauka, sai ɗigo ya fito a taswira. Aikin Hambali ya zuba ɗige-ɗigen a manhaja, ita kuma ta zagaye su da layi, ta ce iyakar gidan tsuntsuwar ke nan. Ɗigon da ya yi nisa da sauran, yar da shi take yi. A ƙa'idarta, inda ba a yawan zuwa ba gida ba ne.

Akwai wata shamuwa da kan je wata tsamiya a bayan Ƙofar Ruwa jefi-jefi, ta ɗan tsaya, ta juyo. Kullum layin a waje yake barin tsamiyar.

"Bafillace ba saniya!" in ji Malama Asibi, abokiyar aikinsa. "Da kai aka ɗaura wa abin nan, layinka bai fi tabarma ba. Ɗaki, masallaci, ɗaki."

Ya yi murmushi. Ba ta san da unguwar Koki ba. Can 'yarsa ta fari take, a hannun kakarta Hajiya Mabruka, tun rasuwar uwarta. Kunyar 'yar fari irin ta gidansu ta hana shi ko kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Wata Juma'ar yakan tsaya a bakin lungu, kusa da mai alkaki, ya hango ta tana wasa a ƙofar zaure, ya juyo ba sallama.

Jiya aka aiko masa cewa Hajiya za ta koma Legas wajen ɗanta, da yarinyar, yau bayan Azahar. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, bai ƙara ba.

Yanzu ga ɗigon tsamiyar nan shi kaɗai a farin fili, manhaja na jiran ya yarda ta share shi.

"Malama, idan ta girma ba ta san ana zuwa ba fa?"

"Wa? Shamuwar?"

Ya janye hannunsa daga kwamfutar, ya gyara hularsa.

"Malam, ina zuwa? Ga shayinka ko kurɓa ba ka yi ba."

"Wajen Lami," ya ce. Sunan 'yar tasa ya fito da ƙyar, kamar ƙyauren da ya daɗe a rufe.

Ya sa takalmansa, ya fita.