Sun Share Muryar Baba

Jiya ina cikin trotro, motar haya, zuwa unguwar Maamobi saƙo ya shigo wayata, wai an rufe guruf ɗin waya na laburaren unguwarmu. Shekara guda da rasuwar Baba mai laburare, sakayyar da suka yi masa ke nan.

Baba ya san iyayenmu mata a unguwarmu Nima da yawa ba su yi boko ba. Sai ya riƙa karanta musu littattafai yana naɗar muryarsa a waya, ya tura guruf, ya kuma ajiye a shafin laburaren na intanet. Kullum kafin ya fara sai ya gyara murya ya ce, "Kuna ji na kuwa?"

Wata rana Mma ta aike ni in kai masa wake da shinkafa a ganye. Na tarar da shi yana karatu, ɗakin kamar tanda, gumi na ɗiga a kan littafin.

Na ce, "Baba, kunna fanka mana!"

Ya ce, "Ƙararta za ta hana uwarki ji."

Yau na je wurin wanda ya gaje shi. Wayar Mma ta lalace, ina so in sake sauko mata da karatun. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Anti, sun cika wuri ne, mun share. Shafin ma tsohon yayi ne."

Cika wuri! Shi kuma yana zaune a kujerar Baba, fanka na kaɗa shi. Me zan je in gaya wa Mma?

Allah Ya sanyaya kabarinka, Baba, Ya ba ka iskar da ka hana kanka. Mun ji ka.