Filin Ƙwallon Aldenor a Ƙarƙashin Ruwa

A ƙauyen Aninga, rabin shekara na ƙasa ne, rabi na kogi. In ruwa ya taso, kurmi yakan nutse har wuya, kifi ya riƙa cin 'ya'yan itace daga reshe. In ya janye kuwa, Aldenor ne farkon fitowa da fartanya, yana jan gurguwar ƙafarsa, ya tono filin ƙwallo daga cikin laka. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, ba wanda ya sa shi.

A filin nan ƙanensa Josivaldo ya koyi ƙwallo ba takalmi. Yau shi ne kocin wata ƙungiya a birnin Manaus, sai dai a ji shi a rediyo yana yi wa alƙalin wasa masifa. Aldenor kuwa burinsa ɗaya ne: yaron nan ya zo ya sake taka filin kafin kogi ya cinye shi, don kowace shekara gaɓa sai ta zaftare, har ta iso bakin layin filin.

Ya aika masa ya zo, ya sake aikawa, har ya gaji. Kwatsam sai ga Josivaldo a jirgin ruwa, da buhun ƙwallaye da sababbin takalma. Amma a wane wata? Yuni! Haihuwar Aninga, a ce ya manta a Yuni ruwa ke kan ganiyarsa? Kai, birni bai yi ba.

"Sannu, koci," in ji Aldenor. "Kifaye za ka horar?"

"Haba Yaya, ka bari mana. Zan dawo da rani."

"Da rani babu fili. Shiga kwalekwale."

Suka ratsa kurmi ta tsakanin kawunan itatuwa, haske na ɗigowa ta ganye, birai na leƙensu, har suka fito wani sarari inda ruwa ya kwanta luf, gajimare na yawo a cikinsa. Aldenor ya daina tuƙi.

"Nan ne tsakiyar fili. Can ka karya haƙori. Can kuma Mama ke tsayawa da bulala, aikin garin rogo na jiranka a gida."

Josivaldo ya leƙa, bai ga komai ba sai fuskarsa da furfura. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Gaba kaɗan wasu itatuwa biyu sun miƙo kai. Turakun ragar ƙwallo ne da babansu ya kafa ɗanyu, suka yi saiwa suka tofu. Sandar sama tana nan a ɗaure, ruwa ya kusa taɓa ta.

"Kwanta," in ji Aldenor.

Suka kwanta rigingine, kwalekwale ya sulale ta ƙarƙashin sandar, ganye na shafar fuskokinsu. Aldenor ya kwarma ihu, "Ta shiga!" har tsuntsaye suka watse.

Josivaldo bai tashi ba. Hawaye na gangara masa cikin kunne.

"Yaya," ya ce, "juya mu. Mu sake shiga."