Man Gyaɗan da Na Ɗura a Kwalbar Turare

Ni mazauniyar Saulawa ce, kuma da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci nake rubuto wannan, a yi haƙuri da hannuna. Lokacin da abin ya faru ina goyon ɗana na fari, ban daɗe da dawowa daga wankan jego ba. Tun a gida tsofaffi suka cika mini kunne cewa shekarun shayarwa su ne lokacin da namiji ke leƙe-leƙe, tunda an raba shimfiɗa. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Ko tari maigida ya yi sai na nemi dalilinsa.

Mazarƙwaila yake kaiwa kasuwar Makarfi. Da, in ya dawo, ƙaurin rake da zufar jaki nake ji a jikinsa. Sai na lura duk Juma'a yakan yi sammako da jaki, ya ce zai biya Janfalan wurin mahaifinsa su wuce masallaci a Ikara, amma ya dawo yana ƙamshin turaren mata. Na san shi sarai, mai arahar nan ne mai maiƙo da 'yan koli ke sayar wa amare a ƙaramar kwalba. Kunya ta hana ni tambayarsa. Surukin nawa kuwa ko sunansa ba na faɗa, ko na je gaisuwa daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa.

Wata Alhamis ina kakkaɓe rigarsa kwalbar ta faɗo. Shaiɗan ya raya mini cewa tsarabar wata ce. Na zagaya bayan ɗaki na tsiyaye ta a toka, na ɗura man gyaɗa tunda kalarsu ɗaya, na toshe na mayar. Har murmushi na yi, ina cewa gobe sai ta soya ƙosai da shi.

Washegari da la'asar ya dawo ba ƙamshi. Bai ɗaga murya ba, ya zauna a kan turmi ya ajiye kwalbar a gabana. Ya ce tsohon yana da gyambo a ƙwauri tun ciwon kurkunu, ya ruɓe har yana wari, kuma ya hana a faɗa wa kowa, musamman ni. Turaren da manyan malamai ke shafawa ya fi ƙarfin aljihunmu, shi ya sa yake sayen na matan, don ƙamshinsa ya fi kama tufafi. Maigida ke wanke ciwon, ya ɗaure, ya shafe rigar tsohon da turare, ya ɗora shi a kan jaki. Wai tsohon har tsokana yake yi, yana cewa ga amarya za ta masallaci. Ranar sun buɗe kwalba suka tarar da mai, ba kuma inda za a samo wani. Tsohon ya ce Juma'a ba ta jiran turare. A sahu, na damansa ya matsa, na hagunsa ya toshe hanci da hannun riga, aka bar masa fili kamar na mutum biyu.

Sannan ya dube ni ya ce, "Baba ya ce a gaishe ki. Ya ce man mai kyau ne, ya shafa a kaushinsa."

Da duka ya yi mini da ya fi sauƙi. Na sayar da zakarana na aika da sabuwar kwalba, tsohon ya karɓa ya sa mini albarka, amma bai ƙara zuwa Juma'a ba. Ya ce tafiyar ce ta yi masa nisa. Da damina ya rasu, kuma kwalbar nan tawa, wadda bai taɓa buɗewa ba, ita aka zuba a likkafaninsa.

Har yau maigida turaren nan yake shafawa ran Juma'a, abokansa na yi masa dariya, bai damu ba. Ni kuwa in na ji ƙamshin sai na tuna da tsohon. Na gane cewa hanci yana jin ƙamshi ne kawai, ba ya jin dalili. 'Yan'uwana mata, in abu ya dame ku, ku cije ku tambaya kafin hannunku ya yi aiki. Wanda ya karanta wannan kuma, ina roƙonsa ya yi wa surukina addu'a.