Bokitin Rezin da Alhaji Ya Taya Ni Kwaɓawa

Har in mutu ba zan manta da wata azahar a atiliyenmu, wato shagon aikinmu, na unguwar Treichville ba, ana dab da Babbar Sallah. Lokacin ni ne shef, wato mai bi wa patron, mai shagon. Aikinmu gyaran kwale-kwale da akwatunan ƙanƙara da rezin.

Ku sababbin zuwa, ku buɗe kunne. Rezin ruwa ne mai kauri kamar zuma, ba ya daskarewa sai an ɗiga masa katalizer. Ɗigo kaɗan ake sawa. In ka ƙara, ya yi sauri. In rana ta take, ya ƙara sauri. Yana daskarewa yana fitar da zafi, zafin kuma na daɗa ingiza shi. Shi ya sa ba ma kwaɓa mai yawa a mazubi mai zurfi.

Ranar, Alhaji Sale, wani mai nama daga Adjamé, ya kawo babban akwatinsa da ya tsage. Tun safe yake kaina: "Malam Idi, naman mutane zai lalace, a taimaka."

Na tsiyayi rezin cike da bokiti, da niyyar in riƙa ɗiba ina kwaɓawa kaɗan-kaɗan, na leƙa bakin titi sayen burushi. Ina dawowa wani wari ya daki hancina. Bokitin na hayaƙi.

Alhaji ya ce, "Na taya ka ne. Na juye kwalbar katalizer ɗin duka na gauraya. Ai mu in ana son nama ya kama da wuri, gishiri ake ƙarawa."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Bokitin na jingine da durom ɗin asetan, ruwan wanke rezin, wanda tartsatsi ɗaya ya ishe shi ya kama da wuta. Bayan bangon katakon kuma Inna ce kwance, mahaifiyar patron, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukar ta.

Alhaji ya rarumo murfi. Na ce, "Kar ka rufe, Alhaji, zafin za ka tara masa."

Na kama mariƙin, ya zame daga robar da ta fara narkewa. Sai na rungumi bokitin da tafin hannuna, ina salati, na fita tsakar gida na kife shi a kan yashi. Na sa shebur na baje shi. Da ya yi faɗi ya sha iska, hayaƙin ya lafa.

Daga ɗaki Inna ta ce, "Idi, me ke ƙauri?"

Na ce, "Ba komai, Inna, yi barcinki." Sai a lokacin na dubi hannuwana, duk sun ƙone.

Abin da na koya shi ne, mai gaggawa ba mugu ba ne, da ilimin sana'arsa yake auna taka. Don haka kwalbar katalizer a aljihu take zama, ko wa ya zo. Alhaji har yau yana aiko mini da nama duk Sallah. Ni kuwa in na je sabunta takardar zama, na'urarsu ta ɗaukar zanen yatsa ba ta gane yatsuna.