Mai Rikoda a Rumfar Falalu

Na taso daga aikin dam, jikina duk siminti, na tarar da wani ɗan jami'a a rumfar Falalu mahauci. Hannunsa sumul kamar na jariri. Wai digiri na biyu yake yi a kan maganar tsofaffin Mafara. Gobe zai koma, kaset ɗaya ya rage masa.

Ya kunna rikoda, ya ci balangu, ya jingina. Yanzu minshari yake yi, Falalu na ta zuba labari.

Na ce, "Baba Falalu, in tashe shi?"

"Ƙyale shi, Tukur. Yaron ga ya gaji da zama."

Da gefen kaset ya cika, Falalu ya goge maiƙon hannunsa, ya juya shi, ya ci gaba.

In akwai adalci, Falalu za a ba digirin.